Na bari an ɗora wa ƙawar mahaifiyata ciwon da tsufa ya kawo

Wata 'yar uwa ce daga Nima ta turo wannan, ta roƙi a sakaya sunanta. Ku karanta har ƙarshe kafin ku yi magana.

Assalamu alaikum 'yan uwa, admin Allah ya saka da alheri. Don Allah shawararku nake nema, kuma ku yi haƙuri da Hausata, ta Zango ce, a nan Accra aka haife ni, kakanmu ne ya zo daga ƙasar Sakkwato tun zamanin Turawa ya yi aikin ɗan sanda. Sunayen da zan ambata duk na canza su, amma maganar haka ta faru, ban ƙara komai a kai ba.

Ni mace ce, na kusa shekara arba'in, ina sayar da mayafai da atamfa a kasuwar Makola. Bara aurena ya mutu, na dawo gidanmu a Nima da yara uku, ƙaramar ko makaranta ba ta shiga ba. Lokacin Babanmu bai daɗe da rasuwa ba, mahaifiyarmu da muke kira Mma ta fita takaba ke nan. Mma ta haura saba'in sosai, mu kanmu ba mu san shekarunta daidai ba. Ta karɓe ni hannu bibbiyu, ta ce ɗaki na nan, yaran ma za su ɗebe mata kewa. To ni kuma sai na saki jiki. Da sassafe nake hawa trotro, motar hayarmu ta nan, saboda cunkoso, ba na dawowa sai bayan magariba, tsakanin nan duk Mma ce, ita za ta yi wa yara wanka, ta raka manyan bakin titi, ta goya ƙaramar, ta dafa na rana ta dafa na dare, wani lokacin har da wankin yunifom. Ina gani tana ramewa, ina ce wa kaina ai rashin Baba ne. Ita kuma ba ta taɓa cewa ta gaji ba, irin matan nan ne da ko jiri na ɗibarsu in ka tambaya sai su ce alhamdulillahi.

Mma tana da ƙawa guda, Mma Lariba, gidansu na Maamobi, babu nisa da mu. Tun suna 'yan mata suke tare, sun yi zaman kasuwar Malam Atta gefe da gefe, Mma na sayar da albasa ita tana sayar da daddawa da kayan yaji, har ƙafa ta hana su zuwa. Daga baya Mma Lariba ta koma yin koko da ƙosai da safe a ƙofar gidansu, in ta tashi sai ta ɗauko sandarta ta taho wajen Mma, su ci abincin rana a kwano ɗaya, su yi ta hira suna faɗa kamar yara. Matar tana da baki, ba ta iya ɓoye abin da ke ranta ba. Wata rana a wajen suna, tsakar gida cike da mata, ta dube ni ta ce, "Ke, wajen uwarki kika dawo ko 'yar aiki kika samu? Dubi wuyanta yadda ya koma." Aka yi dariya, ni ma na yi, amma wallahi maganar ta tsaya mini a rai, na daɗe ban gaishe ta yadda na saba ba. Abin da ya fi ƙona ni kuwa shi ne gaskiya ta faɗa.

Bayan azumin da ya wuce Mma ta fara kuka da haƙarƙarinta na hagu, ta ce kamar ana ɗora mata garwashi, ko riga ta taɓa wurin sai ta zabura. Muka duba, babu komai a fatar. Na sayo mata man zafi da farasitamol na tafi kasuwata. Bayan 'yan kwanaki ƙuraje suka feso, masu ruwa a ciki, a jere daga tsakiyar baya suka zagayo zuwa ƙarƙashin nono, gefe ɗaya kawai. Maƙwabciyarmu na gani ta dafe ƙirji ta ce ananse ne. Ku da ke Najeriya da Nijar ban san me kuke kiransa ba, mu nan haka ake ce masa, kuma kowa na tsoronsa, ana cewa ba ciwon asibiti ba ne, jifa ne, wai in ya zagaye jiki kai da wutsiya suka haɗu to mutum ya tafi.

Babban wanmu, Yaya Inusa, shi ke riƙe da gidan tun rasuwar Baba. Yana son Mma ƙwarai, amma yana da zafin zuciya, in ya yanke magana ba a sake ta da ita. Ya kawo wani mai magani, aka shafa mata wani abu kamar farar ƙasa da ganye, aka ba ta na sha. Mutumin bai kira sunan kowa ba, wannan ni shaida ce, abin da ya ce kawai shi ne abin daga hannun na kusa ya fito, wanda ke sa hannu a kwano ɗaya da ita. Bayan ya tafi muna zaune a falo ni da Yaya da matarsa, sai na ji bakina ya ce, "To ai mutum ɗaya ce ke cin abinci da Mma kullum." Iyakar abin da na faɗa ke nan. Ban ce ita ta yi ba. Amma na san inda maganar za ta sauka, kuma ba zan ɓoye muku ba, a lokacin wani sanyi na ji a raina, kamar na rama.

Washegari Mma Lariba ta zo da koko a fulas ta duba ƙawarta, Yaya ya tare ta a ƙofa. Ba na gida, labari aka ba ni, ya ce kada ta sake taka gidan, ya faɗi maganganu masu nauyi da ƙarfi har mutanen layi suka firfito. Ita kuma ta tsaya tana tambayarsa abin da ta yi, ta tuna masa ita ta fara yi masa wanka ranar da aka haife shi, bai saurara ba. Ta ajiye fulas ɗin a dakali ta juya da sandarta.

Ciwon bai yi sauƙi ba, wurin ya zama gyambo, Mma ta daina barci ta daina cin abinci. Na faki idon Yaya na ɗauki tasi na kai ta asibiti. Nas ta shiga da ita ciki don wanke wurin, likitar kuma, wata mata mai natsuwa, ta zaunar da ni ta yi mini bayani da Turanci. Ta tambaye ni ko Mma ta taɓa yin ƙarambau tana yarinya, na ce ban sani ba, ta ce lallai ta yi ko da ba a tuna. Ta ce ƙwayar cutar ƙarambau ba ta barin jiki bayan an warke, sai ta shige cikin jijiya ta kwanta, shekara da shekaru garkuwar jiki na danne ta. In mutum ya tsufa garkuwar nan tana raguwa, ba ta da ƙarfin da, sai ƙwayar ta farka ta bi jijiya guda ta fito a fata, shi ya sa yake tsayawa gefe ɗaya. Na tambaye ta kai tsaye ko ana iya sa wa mutum shi a abinci, ko wani ya aiko masa. Ta ce a'a, abin yana jikin Mma tun kafin a haife ni. Sannan ta ce da mun zo a kwanakin farko akwai maganin da ke rage masa ƙarfi, amma mun makara, yanzu sai dai a kula da gyambon a ba ta na rage zafi. Ta kuma gargaɗe ni cewa jikin tsoho yana jinkirin tashi faɗa da cuta, kuma in kumburi ya kama yana jinkirin lafawa, don haka ko fatar ta warke jijiyar na iya ci gaba da zugi wata da watanni.

Daga nan ta yi tambayar da har yau take bi na. Ta ce kwanan nan Mma ta shiga wata damuwa ko wahala, tana samun hutu, tana cin abinci sosai? Na ce mijinta ya rasu. Ban ce komai a kan yarana uku ba. Ta ce ba za ta iya nuna abin da ya tayar da ciwon ba, tsufa kaɗai ya isa, amma baƙin ciki da gajiya da ƙarancin barci ba sa taimakon garkuwar tsoho, a rage mata aiki. A cikin tasi Mma ta tambaye ni me likita ta ce, na ce ta ce ki sha magani ki huta. A gida ma haka na faɗa wa Yaya, ya yi faɗan na kai ta ba da saninsa ba, ya huce. Na ce a raina bari ta ji sauƙi tukuna sai in gyara maganar.

Ban gyara ba, sai ma abin ya ƙara cakuɗewa. Ƙaramar 'yata da kullum take manne da Mma ta tashi da zazzaɓi da ƙuraje duk jiki, ƙarambau sak. Likita ta riga ta gaya mini hakan na iya faruwa ga yaron da bai taɓa yi ba in ya taɓa ruwan ƙurajen, don haka ni na san wannan shi ne ya gaskata maganarta. Amma a gida aka ce kun gani ko, abin da aka aiko ya fara bin jikoki. Ina durƙushe ina shafa wa yarinya magani ana faɗin haka a kaina, ban faɗa musu abin da likita ta ce ba.

Kun san zaman Zango, kafin wani lokaci zancen ya isa Maamobi. Matan da suka shekara suna sayen kokon Mma Lariba suka koma wani wuri, iyaye suka hana yara tsayawa a ƙofarta, a wajen karatun mata in ta zauna a tabarma sai a matsa gefe. Tsohuwar da duk haihuwa da mutuwa a unguwa da ita ake yi, yau ita ce ake nunawa da baki in ta wuce.

Fatar Mma ta warke, tabo ne kawai ya rage, amma zugin na nan kamar yadda likita ta ce, wani lokaci tana zaune lafiya sai ta riƙe gefenta ta runtse ido. Na rage zuwa kasuwa, na sa ƙaramar a makarantar renon yara, na karɓi girki da wanki, abin da ya kamata in yi tun farko. Amma Mma ba ta dawo yadda take ba. Mura kaɗan sai ta kwantar da ita, tana tashi wata ta kama. Abincin rana sai ta ɗan tsakura ta ture kwanon. Ba ta taɓa cewa ta yarda Lariba ta yi mata wani abu ba, ba ta kuma taɓa cewa ba ta yarda ba, sunan ne kawai ya ɓace daga bakinta. Da la'asar takan ja kujera ta zauna inda take hango ƙofar gida. Da muka koma asibiti likita ta auna ta, ta ce ta sake ramewa, ta tambaye ni da wa take hira da rana, ba ta da ƙawaye ne, domin kaɗaici ma yana cin jikin tsoho. Na ce tana da jikoki.

Makon jiya na je Malam Atta sayen kayan miya, ina cikin zaɓar tumatir na ji an kama mini gefen mayafi. Mma Lariba ce, wallahi da ƙyar na gane ta, duk ta zube. Na ɗauka zagina za ta yi, na ma so ta zage ni. Sai ta ja ni gefe ta ce, "'Yata, ya jikin uwarki? Tana ci?" Na ce tana ci kaɗan-kaɗan. Ta ce, "Kada ku sa mata riga mai kauri, ku nemi tsohon zani wanda ya sha wanki, shi ne ba ya cizon wurin. Kuma zugin zai daɗe, in tana faɗa ku yi haƙuri da ita." Na ce Mma ya aka yi kika san wannan. Ta waiga hagu da dama, ta ɗaga gefen rigarta ta nuna mini tabo a kwiɓinta, irin na Mma sak. Ta ce shekarun baya ya kama ta, lokacin ina gidan miji, Mma ce ta yi jinyarta ita kaɗai, suka ɓoye wa kowa don kada a ce jifa ne a fara zargin bayin Allah. Ta ce, "Uwarki ta san ciwon nan, da hannunta ta wanke mini shi. Ban san abin da ya sa ta yi shiru ba, amma na san halin Inusa, kuma na san yadda zafin nan yake rufe bakin mutum." Ta ce ba ta riƙe kowa a zuciya ba, sai dai 'yarta da ke Kumasi ta ji labari, ta rantse ba za ta bar uwarta a nan ana wulaƙanta ta ba, ƙarshen watan nan za ta zo ta tafi da ita gaba ɗaya. Har ta fara tafiya ta juyo ta ce, "Na ji kin karɓi girki. Allah ya yi miki albarka." Ba ta san daga bakina zancen ya fara ba. A nan tsakiyar kasuwa na tsaya ina kuka, masu kaya na bangaje ni suna wucewa.

Jiya da hantsi ina shafa wa Mma mai a ƙafa, yara sun tafi makaranta, sai ta ce, "Ranar da kika fara kai ni asibiti ina ciki ina jiyo ku, kun daɗe da likita kuna Turanci. Duk wannan dogon zancen, sha magani ki huta ne kawai?" Na ce eh Mma. Ta dube ni ta ce to, ta janye ƙafarta.

Ga inda na tsaya. In na je wa Yaya da gaskiya, dole ya haɗiye cewa ya tozarta sa'ar uwarsa a gaban mutanen layi ba gaira ba dalili, kuma abu na farko da zai tambaya shi ne tun yaushe na sani. Na san shi, zai iya cewa in kwashe yarana in bar gidan, ni kuma ba ni da inda za ni, sannan wa zai kula da Mma. Abin da ya fi ba ni tsoro ma shi ne in na ambaci tabon Mma Lariba ya juya maganar, ya ce ai shi ke nan, nata ne ta mayar wa Mma, in je gyara in ƙara ɓatawa. In kuma Mma na fara gaya wa, to sai ta ji cewa 'yar da ta buɗe wa ƙofa ta ɗauke mata yara ita ce ta raba ta da ƙawarta saboda haushin magana ɗaya, kuma ta yi mata ƙarya har sau biyu. Jikinta ba ƙwari, likita ta ce a guje mata ɓacin rai, ban sani ba ko gaskiyar ce za ta ba ta sauƙi ko ita za ta sake kwantar da ita.

Na yi tunanin in je Maamobi ni kaɗai in durƙusa wa Mma Lariba in nemi gafara, na san za ta iya yafewa, amma wannan ni kaɗai zai sauƙaƙa wa, sunanta a bainar jama'a aka ɓata, ba a ɗaki zai gyaru ba. Na yi tunanin in lallaɓa Yaya ya raka mu asibiti ya ji da kunnensa, amma likita za ta ce ai na gaya wa ƙanwarka tun farko, kuma ko ba ta ce ba wata dabarar ce dai nake sake yi don in tsira. Na yi tunanin limamin unguwarmu, Yaya na jin maganarsa, sai dai da zarar na kai masa, zancen ya fita waje ke nan. Har na yi tunanin in sa Mma a tasi da sunan asibiti in kai ta Maamobi su ga juna kawai, ko da ba a ce komai ba. Ina sallah ina istigfari, amma na san haƙƙin mutum ba ya sauka sai mai shi ya yafe, kuma a nan mutum biyu ne, tsofaffi.

Masu aikin lafiya da ke cikin guruf ɗin nan, don Allah ku gaya mini, tsohuwa a irin wannan hali za ta iya ɗaukar magana irin wannan, ko in jira ta ƙara ƙarfi? Wanda ya taɓa fahimtar da babban wa mai taurin kai cewa ciwo daga jiki yake ba daga mutum ba, ta ina ya ɓullo masa? Malamai kuma, ya wajaba in faɗi nawa laifin duka a gaban kowa, ko ya isa in wanke ta in bar sauran tsakanina da su biyun?

Ku zage ni in kun ga dama, na cancanta, amma bayan zagin ku gaya mini wa zan fara tunkara, Yaya, Mma, ko Mma Lariba. Watan ya kusa ƙarewa, kuma Kumasi ba tafiyar da Mma za ta iya ba ce yanzu. In mota ta tashi da Mma Lariba ban buɗe baki ba, ba na jin za su sake ganin juna a duniya.